Kafin a Yanka Ƙarfe: Nasiha ga Masu Neman Digirin Injiniyancin Injina

Ƙannena maza da mata, ku da kuke shirin cike fom ɗin JAMB da niyyar karanta injiniyancin injina, da ku da Allah ya riga ya ba ku gurbi a Zariya ko Kano ko Bauchi ko Minna ko Maiduguri, da ku nake magana. Galibinku son inji ne ya jawo ku wannan fanni. Wani tun yana firamare yake kwance fanka ya mayar, wata kuwa ba ta iya wuce injin markaɗe sai ta tsaya ta ga yadda bel ke juya shi. Wannan so abu ne mai kyau, kuma zai yi muku rana. Sai dai abin da ke jiranku a shekara biyun farko zai ba ku mamaki: allo cike da lissafi, ga fiziks, ga kemistiri, ga zane da fensir, inji kuwa sai jefi-jefi. A nan ne ɗalibai da yawa ke yanke shawarar da ke cutar da su har ƙarshen karatu. Sukan ɗauka waɗannan darussa wahala ce kawai da aka gindaya musu a hanya, a haddace, a ci jarrabawa, a manta, kafin a kai ga karatun da ya kawo su. Ni kuwa a ganina waɗannan darussa su ne karatun da ya kawo ku. Abin da ake so ku fita da shi bayan shekara biyar guda ɗaya ne: ku iya sanin ko abu zai yi aiki, ko zai ɗauki nauyin da za a ɗora masa, ko kuwa zai karye ya kashe mutum, tun yana kan takarda, ba a kai ga sayen ƙarfe an yanka ba. Duk wani kwas da za ku gani a jadawali, wannan buƙata ce ta sa shi a wurin.

Mu fara daga bakin ƙofa. Sharaɗin shiga a jami'o'in Nijeriya sananne ne: kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB, cikinsu lallai akwai Ingilishi da lissafi da fiziks da kemistiri, sannan waɗannan huɗun dai ake rubutawa a jarrabawar JAMB. Wanda ya bi ta nan shekara biyar zai yi. Mai ƙaramar difloma daga kwalejin kimiyya da fasaha, ko wanda ya yi IJMB, yana iya shiga aji biyu kai tsaye idan sakamakonsa ya kai. Abu biyu zan ja kunnenku a kai. Kiredit ɗin lissafin da aka samo a makarantar da ake rubuta wa ɗalibai amsa a allo zai shigar da mutum jami'a, amma ba zai zaunar da shi cikinta ba. Zangon farko kaɗai ya isa ya tona asiri. Wanda ya san aljabararsa da lissafinsa na kusurwoyi suna da rauni, ya yi amfani da watannin zaman jiran sakamako ya koma kan littattafan sakandare, babu abin kunya a ciki. Na biyu, kafin iyaye su biya kuɗin rajista, a bincika ko kwas ɗin yana da amincewar hukumar jami'o'i ta NUC da kuma ta COREN, majalisar da doka ta kafa tun 1970 don kula da aikin injiniya. Digirin da COREN ba ta tantance ba yakan jawo wa mai shi doguwar wahala ranar da ya je neman rajista.

Idan kun shiga, tsarin kusan ɗaya ne ko'ina, ko da sunayen kwasa-kwasai da lambobinsu sun bambanta. Sabon tsarin manhajar da NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ya tsayar da kashi 70 cikin ɗari na darussa ga kowa, ya bar wa kowace jami'a kashi 30, don haka ku nemi littafin ƙa'idojin sashenku ku karanta shi da kanku, kada ku dogara da labarin 'yan gaba da ku. Aji ɗaya kimiyya ce zalla da darussan bai-ɗaya. A aji biyu duk ɗaliban injiniya, na gini da na lantarki da na injina, suna zama aji guda: zanen injiniya, aikin hannu a ɗakin ƙira, daidaiton nauyi da motsi, juriyar kayan aiki, ilimin zafi da aiki wato tamodainamiks, gudanar ruwa da iska, tushen lantarki, da lissafin injiniya wanda zai bi ku har aji huɗu. Aji uku ne fannin ke fito da kamanninsa: yadda giya da bel da fistin ke miƙa motsi, halayen ƙarafa, hanyoyin ƙera kaya, tsara sassan inji. Aji huɗu rabinsa a makaranta, rabinsa a masana'anta. Aji biyar kuma zaɓaɓɓun darussa ne, kamar sanyaya wuri da injinan konewa da samar da wuta, tare da dokokin aiki da gudanarwa, sai aikin bincike na kammalawa.

Wannan jeri sarƙa ce, kowace gaɓa tana riƙe da ta gabanta. Ku ɗauki zare ɗaya ku bi. A aji ɗaya za a koya muku kalkulas, lissafin yadda abu ke sauyawa: nisa ya ba da gudu, gudu ya ba da hanzari. A aji biyu da uku za a haɗa wannan da dokar Newton a sami lissafin da amsarsa ba lamba ɗaya ba ce, motsi ne gaba ɗayansa. A aji huɗu ko biyar sai ga darasin girgiza, inda wannan lissafin dai zai nuna muku cewa kowane inji da abin da aka girka shi a kai suna da wani gudu na musamman wanda idan juyin injin ya yi daidai da shi, girgizar za ta yi ta hauhawa har notuna su kwance, walda ta tsage, boris ya mutu. Ɗalibin da ya haddace kalkulas ya zubar bayan jarrabawa, idan ya zo nan ba shi da abin kamawa, sai ya sake haddacewa. A haka zai kammala da takarda a hannu, amma ranar da aka tsayar da shi gaban injin casar shinkafa mai jijjiga gini, ba zai san ko a rage gudu ba, ko a ƙara nauyin gindi, ko a sa roba. Shi ya sa aka yi dokar cewa wasu kwasa-kwasai ba a rajistarsu sai an ci waɗanda ke gabansu. Kariyoba guda a lissafin aji biyu tana iya toshe darussa biyu ko uku a aji uku, su kuma su toshe na gaba, ga kuma iyakar yunit ɗin da ake yarda ɗalibi ya ɗauka a zango, wadda yawanci ba ta wuce 24. Da haka shekara biyar ke komawa shida.

Ko ta fuskar maki ma, farkon ne ke yanke hukunci. A ma'aunin maki biyar da yawancin jami'o'inmu ke bi, daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, daraja ta biyu mataki na sama daga 3.50, kuma wannan ta biyun ce manyan kamfanoni da masu ba da tallafin karatu suka fi sa wa a sharaɗi. A ce nauyin zanguna goma daidai yake. Wanda ya yi wasa da huɗun farko ya tashi da 2.50, sai ya riƙa samun kusan 4.2 a duk shidan da suka rage kafin ya taɓa 3.50, a daidai lokacin da darussa suka fi tsauri, kuma da tushen da bai ginu ba. Ana yi, amma kaɗan ne ke iyawa.

To, wannan ilimi na kan allo, ina yake haɗuwa da rayuwa? Ku je fadama da rani. Manomi ya sayi injin ban ruwa, ruwan rijiya ya ja baya, injin na ta ƙara amma ba ya kawo komai. Abin da zai fara zuwa ran kowa shi ne injin ya yi ƙanƙanta, a sayo babba. Ɗalibin aji biyu da ya fahimci darasin ruwa ya san cewa babban ma ba zai jawo ba. Famfon da ke zaune a sama ba jan ruwa yake yi da ƙarfinsa ba; iska yake cirewa daga bututu, nauyin iskar sararin sama ya danno ruwan ya hau. Wannan nauyi kuwa iyakarsa ya ɗaga ruwa mita 10.3 a bakin teku, kamar yadda aka gane tun zamanin masanin kimiyya Torricelli a 1643, kuma a aikace da wuya a wuce mita bakwai zuwa takwas. A tudu irin na Jos, inda iska ta fi sauƙi, iyakar ta ƙara yin ƙasa. Mafita ita ce a haƙa rami a sauko da injin kusa da ruwa, ko a zura famfon da ke nutsewa ya turo ruwan daga ƙasa. Shi wannan ɗalibi ya kuma san cewa idan aka ninka gudun famfo, ruwan da yake bayarwa zai ninka sau biyu, amma ƙarfin da yake ci zai ninka sau takwas. Magana biyu ke nan daga darasi ɗaya, kowacce tana iya tsare wa manomi kuɗin amfanin shekara.

Ga kuma sandar ƙarfen da ke juya injin niƙa. Darasin juriyar kayan aiki yana koyar da cewa ƙarfinta wajen jure murɗa yana tafiya da kaurinta sau kaurinta sau kaurinta: sandar milimita 25 ta kusa ninka ta milimita 20 ƙarfi, alhali a ido bambancinsu kaɗan ne. Wanda ya je kasuwa bai sami ta 25 ba ya ce ta 20 ma za ta yi, ya zubar da rabin ƙarfin injinsa bai sani ba. Abin da ya fi wannan ɓoyuwa shi ne gajiyar ƙarfe. Ƙarfe yana iya ɗaukar nauyi yau lafiya lau, gobe ma haka, amma idan nauyin yana zuwa yana tafiya, ƙaramar tsaga takan fara daga wani lungu mai kaifi ta yi ta ci a hankali har rana ɗaya ya ɓalle. Sandar da ke juyi 1,500 a minti tana lanƙwasuwa ta miƙe sau miliyan cikin awa goma sha ɗaya da 'yan mintuna. Wani injiniyan jirgin ƙasa a Jamus, August Wöhler, shi ya yi shekaru yana gwada gatarin taragu a tsakiyar ƙarni na 19 har ya fito da ƙa'idar da ake koyarwa yau. Duk da haka, a 1954 jiragen sama biyu ƙirar Comet na Ingila, jirgin fasinja na farko mai injin jet, sun tarwatse a sararin sama kusa da Italiya, ɗaya a Janairu ɗaya a Afrilu, babu wanda ya tsira. Da masu bincike suka nutsa gangar jirgi a tankin ruwa suna hura ta suna sacewa, sai ga tsaga ta fito daga kusurwar wata kafa a jikinta. Idan malaminku ya dage cewa a zagaye lungun da sanda ta sauya kauri, kada a bar shi da kaifi, daga irin wannan asarar rayuka ya gado maganar.

Tamodainamiks kuwa, wanda ɗalibai suka fi jin tsoro, shi ne zai hana a yaudare ku, ya kuma hana ku yaudarar kanku. Lokaci-lokaci akan ji an ce wani ya ƙera janareto mara amfani da mai, mota na juya dainamo, dainamo na cajin batir, batir na juya mota, har abada. Jama'a su yi ta murna, a zargi gwamnati da ƙin tallafawa. Dokar farko ta wannan ilimi ta ce makamashi ba ya fitowa daga babu, ta biyu ta ce a kowane zagaye sai wani kaso ya salwanta ya zama zafi; batirin ƙarewa yake yi a hankali. Tun 1824 Sadi Carnot na Faransa ya nuna cewa duk injin da ke mai da zafi aiki yana da rufin da ba zai wuce ba: mai ɗaukar zafi a digiri 600 ya zubar a 30, ko babu aibi ko ɗaya a jikinsa, ba zai ba da fiye da kusan kashi 65 cikin ɗari ba. Ina tausayin matashin da ya zuba basirarsa da kuɗin gidansu cikin irin wannan aiki, domin da ya sami zango ɗaya na wannan darasi da ya karkata hazaƙarsa inda za ta haifar da abu.

Na san abin da wasunku za su ce, domin ana faɗarsa a kowace majalisa: ga mutanen Panteka a Kaduna, ga maƙeran Kano, ba su shiga jami'a ba, suna ƙera injin niƙa da na casa da na gyaɗa, alhali mai digiri ko sifana bai iya riƙewa ba. Rabin wannan magana gaskiya ce, kuma gaskiya mai ɗaci. Waɗannan mutane sun riƙe tattalin arzikin ƙauye da birni, hannunsu ya san abin da littafi bai faɗa ba, kuma mai digirin da ke raina su jahili ne. Injiniyan da bai taɓa walda ba zai zana abin da ba ya walduwa. Saboda haka darasin aikin hannu na aji biyu, da horon da ake yi a ɗakin ƙira lokacin dogon hutu, ku ɗauke su da nauyin da kuke ba lissafi. Ku feƙe ƙarfe da hannunku, ku ƙone waya kuna koyon walda, ku tambayi ma'aikatan ɗakin da ladabi, don sun fi ku sani. Amma ku lura da yadda ilimin maƙeri ke samuwa. Ya gwada, ya lalace, ya gyara, har ya dace, kuma yana da ƙarfi matuƙar sabon aikin ya yi kama da wanda ya saba. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai, sai dai akwai abin da gwajinsa rai yake ci. Tukunyar tururin masana'anta, tankin gas, ƙugiyar ɗaga kaya a kan mutane, injin tashar wuta ta Shiroro ko Kainji, ba a ƙera su a jira a ga ko za su fashe. A Amurka sai da tukwanen tururi suka yi ta hallaka ma'aikata, ciki har da mutum 58 a wata masana'antar takalma a garin Brockton a 1905, sannan ƙungiyar injiniyoyin injina ta can ta rubuta ƙa'idar ƙera su da lissafi. Dokar COREN da kanta ta san aikin na mutum huɗu ne: injiniya, da masanin fasaha, da ƙwararren ma'aikaci, da mai sana'ar hannu, kowa da rajistarsa. Rabon injiniya a cikinsu shi ne lissafi da sa hannu. Idan bai iya wannan ba, ba shi da abin da zai kawo, domin a aikin hannu an riga an fi shi.

Wasu kuma za su ce zamani ya wuce wannan wahala, kwamfuta na yin lissafin cikin daƙiƙa, ga kuma ƙirƙirarriyar basira a waya. Lallai ku koyi AutoCAD da SolidWorks da MATLAB, ku koyi rubuta manhaja da Python ko da sashenku bai tilasta ba. Ba a ɗaukar injiniya aiki yau babu su. Amma manhaja abin da aka ba ta take sarrafawa, kuma amsar kuskure tana fitowa da launuka masu kyau daidai da amsar gaskiya. A watan Agustan 1991 wani katafaren gindin dandalin haƙar gas mai suna Sleipner A ya nutse a gaɓar Norway ana cikin gwada shi. Bincike ya gano cewa yadda aka tsara lissafin a kwamfuta ya sa an raina ƙarfin da ke kan wasu bangaye da kusan kashi 47 cikin ɗari. Ƙwararru ne suka yi aikin, da manhaja mai inganci. Abin da ke kare injiniya daga irin wannan shi ne ya iya ɗaukar biro ya yi ƙiyasi a gefen takarda, ya ce wannan lamba ba za ta yiwu ba. Wannan ji a jiki ba ya samuwa sai ga wanda ya warware ɗaruruwan tambayoyi da kansa, ya ɓata, ya gano inda ya ɓata. Wanda ya miƙa wa waya aikin gidansa ya sami maki, amma ya ba da abin da aka ba shi aikin dominsa.

Ƙorafi na uku ya fi sauran nauyi, ba kuma zan rage masa komai ba. A jami'o'i da yawa na'urorin ɗakin gwaji sun tsufa ko sun mutu, ɗalibai hamsin na kallon mutum ɗaya yana aunawa, wuta ba ta tsayawa. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Masaƙun Kakuri sun rufe, masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa ba kamar da ba, Ajakuta har yau ba ta kai ga narka ƙarfen da aka gina ta dominsa ba. Mai tambaya yana da hakki ya ce, to a yi karatun don wa? Amsata kashi biyu ce. Na farko, wannan hali hujja ce ta riƙe tushe da kyau, domin na'ura ce ke tsufa, dokokin Newton da na Carnot ba sa tsufa, kuma su ne ɓangaren karatun da rashin kuɗin jami'a ba zai iya hana ku ba: littafi da biro da abokan muraja'a suke buƙata. Wanda ya riƙe su zai koyi sabuwar na'ura cikin makonni a duk inda ya same ta, a masana'antar siminti ta Sakkwato ko Ashaka ko Obajana, ko a matatar mai ta Legas, ko a ƙasar waje. Na biyu, aikin injiniya bai tsaya ga manyan masana'antu ba. Tumatir na ruɓewa a Kadawa saboda rashin wurin sanyi, injinan casar shinkafa sun cika Kano da Kebbi, famfunan sola na shiga gonaki, asibitoci na neman wanda zai kula da na'urorinsu. Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu. Dalilin da ya sa take sanyi sosai a busasshiyar iskar rani, ta yi rauni da damina, yana nan cikin darasin danshin iska da za ku yi a aji huɗu ko biyar, kuma da wannan lissafin ake auna yadda za a faɗaɗa dabarar ta zama ɗakin ajiya na kasuwa guda.

Wannan ne ya sa wata shidan SIWES, shirin horon masana'anta na aji huɗu da asusun ITF ya ɓullo da shi a 1973, suke da daraja ƙwarai. Shi ne lokaci mafi tsawo da za ku yi kusa da injina masu aiki kafin ku kammala. Abin takaici ne yadda wasu ke neman ofishin wani ɗan'uwa inda za a sa musu hannu a littafin rahoto suna kwance a gida. Gara ƙaramin kamfanin da zai bar ku ku kwance famfo ku ga cikinsa da babban suna inda za a ajiye ku kuna ɗaukar takardu. Ku fara neman wuri tun kuna aji uku. Kuma ku je da tambaya: duk abin da ya lalace a gabanku, ku ɗauki guntun ku duba fuskar karayar, ku koma littafi da dare ku nemi sunanta.

Kada ku raina zane da rubutu. Zanen injiniya shi ne saƙonku zuwa ga wanda zai ƙera abin ba tare da ya gan ku ba, kuma lamba ɗaya da aka manta tana mai da ƙarfen dubban nairori bola. Ingilishi kuma, ga wanda ya taso a makarantar gwamnati, sau da yawa shi ne ainihin abin da ke kayar da shi, ba lissafi ba: ya san amsa, bai gane tambaya ba. Ku tattauna darasi da Hausa a tsakaninku har ya zauna, domin wanda ya iya bayyana wa ƙaninsa abin da ke faruwa cikin firij da harshen gida ya fahimce shi da gaske; sannan ku tilasta wa kanku rubuta rahoton gwaji da Ingilishi mai tsabta, da kanku, ba kwafin na bara ba. Ku kuma ƙannena mata, za a ce muku fannin na maza ne saboda ƙarfe da baƙin mai. Duk abin da na lissafa a sama, babu inda ƙarfin damtse ya shigo. Ƙugiya ce ke ɗaga nauyi a masana'anta, kuma ita ma wani ne ya lissafa ta.

Aikin kammalawa na aji biyar shi ne wurin da za a ga ko sarƙar ta haɗu. Yawancin ɗalibai sukan zaɓi ƙera wani inji, na ɓarar gyaɗa ko na busar da tumatir, kuma babu laifi. Laifin shi ne a kai hoto wurin mai walda ya haɗa, sannan a dawo a ƙirƙiro lissafin da zai dace da abin da aka riga aka ƙera. Ku bi hanyar da aka koya muku: buhu nawa ake so a awa, ƙarfin da hakan ke buƙata, girman mota, kaurin sanda, irin boris, sannan zane, sannan ƙira, sannan a auna a ga inda lissafi ya saɓa da abin da ya faru, a rubuta saɓanin da gaskiya ko da bai yi daɗi ba. Ku zaɓi matsalar da wani a garinku yake fama da ita, ku je ku tambaye shi kafin ku zana komai. Bayan digiri da bautar ƙasa ma ba a gama ba: COREN na neman aƙalla shekara huɗu na aiki a ƙarƙashin ƙwararru, da rahoton abin da mutum ya yi da hannunsa da kansa, da ganawa da masu tantancewa, kafin ta ba shi hatimi da izinin sa Engr. gaban sunansa. A 2023 aka karɓi Nijeriya a matakin wucin gadi cikin yarjejeniyar Washington, wadda ƙasashe ke amincewa da digirin injiniyan juna a ƙarƙashinta, kuma ma'aunin wannan yarjejeniya shi ne abin da ɗalibi ya iya yi ranar da ya fita. Don haka ku ajiye littattafanku na aji biyu da uku, da rahotannin gwaji, da zanen aikin kammalawa. Masu tantancewa za su tambaye ku dalilin kowace lamba da kuka sa wa hannu, kuma daga cikinsu za ku amsa.